Wayar da Minista Ya Kyautar

Duk ranar da ruwa ya sauko bayan azahar, sai ƙafarta ta yi sanyi a kan fedar keken ɗinki, idonta ya lumshe, maigidanta ya shigo. Yakan tsaya a ƙofar shago yana karkaɗe lema, ya ce, "Tela uwar alkawari, ina rigata?" Ta ce gobe. Ya yi dariyar nan tasa mai fito da wushirya. Tana miƙa hannu za ta karɓi lemar, sai ta ga labule ne kawai yake kaɗawa.

Rigar tana nan rataye a ƙusa, shuɗiya, saura aljihu. Tun kafin ya ɓace ta yanka ta.

Maigidan nata mai kula da sito ne a ma'aikatar lafiya. Shi ya lura ana kwashe maganin gaske ana jera na jabu a gurbinsa, kwali iri ɗaya, hatimi iri ɗaya. Ya kai rahoto a asirce.

"Kwantar da hankalinki," ya ce mata ranar, yana kwance agogo. "Daga mai bincike sai Minista suka san ni ne. Saƙon ma ta imel ɗin gwamnati zai bi, kwaɗo kan kwaɗo."

Wayyo bawan Allah! Ya yarda da kwaɗo, bai tambayi hannun da mabuɗi yake ba. Wata safiya ya fita aiki bai isa ba. Takalminsa ƙafa ɗaya aka tsinta a bakin kwalbati.

* * *

Ranar da kwamitin majalisa ya zauna kan yadda asirin rahoton ya tonu, yayarta ce ta raka ta.

"Daure ki buɗe baki, ƙanwata," in ji yayar a mota. "Yau sai sun faɗa mana inda yake."

Zauren sanyi kamar cikin randa. Kafet ya shanye ƙarar takunta, har ta riƙa jin ba ita ke tafiya ba, ɗaukarta aka yi. Muryoyi na zuwa mata daga nesa. A haka ta ji yadda sunan mijinta ya yi tafiya.

Ashe Minista ba ya shiri da imel ɗin ofis, wai kullum sai ya tambaye shi lambar sirri kamar baƙo. Sai ya sa a riƙa tura masa komai ta nasa na kansa, wanda ke buɗe a wayarsa dare da rana. Ga shi mutum ne mai hannu sake. In ka iya yabonsa a taro, sai ya zaro wayar aljihunsa, ya cire layi, ya miƙa maka. Wanda ya samu waccan ya kai ta kasuwa. Mai saye ya kunna, ya ga rahoton da sunan mijinta, abin da ya fi wayar tsada, ya san kuma masu nemansa.

"Ranka ya daɗe, da hannuna na cire layin nan," in ji Minista, yana buɗe tafukansa. "Na ɗauka in ka cire layi ka cire komai. Mu fa ba yaran zamani ba ne."

Zaure ya ɗauki dariya. Har shugaban kwamiti sai da ya cire tabarau ya share ido.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "Ranka ya daɗe, mijina fa?"

Shugaba ya dube ta da tausayi, irin wanda ake yi wa wanda ya ɓata hanya.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Wannan maganar 'yan sanda ce. Mu ƙa'idar aiki muke dubawa."

Ƙa'idar kuwa an duba ta tsaf. Aka ja wa Minista kunne, aka ce ya je kwas ɗin sanin na'ura. Shi ke nan, an kashe maciji da tsinken tsintsiya.

* * *

Suna fitowa aka fara yayyafi. Magoya bayan Minista sun cika matakala, wani mai jar hula yana ta ɗaga murya: "Gaskiya ta yi halinta! Bango madafar bayi!"

Minista ya tsaya ƙarƙashin lemar da aka riƙe masa. Ya yi murmushi. Ya sa hannu a aljihu.

A hankali take ganin komai, kamar ta cikin ruwa. Sabuwar waya baƙa. Ɗan tsinken cire layi da aka miƙo masa. Layin da ya zare ya damƙe a tafin hannu. Mai jar hula ya karɓa hannu bibbiyu, fuskar wayar ta yi haske a tsakanin yatsunsa.

"Yaya," ta ce, muryarta can ƙasa, "ko mijin wace ce ke cikin wannan?"

Yayar ta ja mata mayafi ya rufe kafaɗa.

Da ta koma shago, ta sauke shuɗiyar rigar daga ƙusa. Ta ɗinka aljihun, ta datse zare da haƙori, ta goge ta, ta ninke a kan cinyarta. Ruwa ya tsuge sosai a kan kwano. Ta ɗora ƙafa a feda, ta lumshe ido, ta shirya abin da za ta ce masa: yau kam ba gobe ba ne, ga ta nan.

Ta jira har aka ɗauke ruwan. Labule ya yi ta kaɗawa, ba wanda ya shigo.