Makwanci a Gindin Tsamiya

Mijina mai haƙa kabari ne, wajen ubansa ya gaji sana'ar. Bai taɓa saya mini zinariya ba, amma ya yi mini alkawarin wuri: ƙasa mai laushi a gindin tsamiyar maƙabarta, makwanci biyu gefe da gefe, nawa da nasa. Da wannan nake yi wa matan unguwa fankama.

Can jikin katanga kuwa akwai lungun duwatsu, inda ake kai marasa dangi. Tun zamanin da aka buɗe tashar manyan motoci, matan gidan bayan tasha nan suke ƙarewa, ba alama, ba 'yan rakiya. Mazan da suka haddace hanyar ɗakunansu, ranar jana'iza sai ciwon ƙafa ya kama su.

Ta ƙarshensu ita ce Mai Wushirya. Tun muna 'yan mata na tsane ta, alhali ba ta taɓa taka ni ba. Dariya kawai take yi, namiji ya manta abin da ya fito saye. Nawa ma in zai wuce ƙofarta sai ya gyara zaman hula, wai gaisuwa ce kawai. Ta tsufa, haƙoran suka zube har da wushiryar, ta mutu ita kaɗai a ɗakin haya. Na ce Allah ya jiƙanta, amma iyakarsa leɓe.

Bayan kwana biyu maƙwabciyata ta shigo, wai aron rariya, ta sanar da ni ta ga sabon kabari a gindin tsamiya. Kishi ya turnuƙe ni, na fita ko takalmi ban tsaya nema ba. Na tarar da mijina a lungun duwatsu, yana sara da diga, gumi sharkaf. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, na ce ya ɗauki wurina ya ba karuwa, ashe abin da hular take faɗa ke nan tun da daɗewa.

Sai da na gaji ya jingine digar. Ya ce ƙarfinsa ya ƙare, dutsen nan yanzu sai ya yi makonni yana sara, gawa kuwa ba ta jira.

"Naki yana nan, uwar yara, ban taɓa shi ba. Nawa na ba ta."

"To kai fa?"

Ya nuna ramin da ke gabansa, ko gwiwa bai kai ba. Ya ce yana rage wa wanda zai binne shi wahala ne.

Na dubi kaburburan da ke kewaye da ramin, dukansu na matan bayan tasha ne. Wato ni in kwanta kusa da Mai Wushirya har tashin ƙiyama, shi kuma yana nan a tsakiyarsu.

Na ɗaura ɗamara, na ɗauki shebur.

"Matsa, Malam. Biyu za mu haƙa. Da ranka ban bar musu kai ba, balle ka mutu."