Haruffan Tunkuza

Ranar da Madam Safiatou, malamar ajinsu, ta rako Munir gida da kanta, uwarsa Zulai na bakin murhu tana matsar man gyaɗa. Yaron ya shekara takwas, ya maimaita aji, amma ko sunansa ba ya iya karantawa.

"Ba daƙiƙi ba ne," in ji Madam. "Akwai yara irinsa. Haruffa ne ke juye musu a ido, ga zama wuri ɗaya yana yi masa wuya. Ni kuwa aji ya cika, in na tsaya a kansa sauran su watse. Ke kin taɓa kwaleji. Ki gwada shi a gida, a hankali."

Zulai ta yi godiya, ta ci gaba da matsar manta. Munir ɗan farinta ne, a garinsu Waca kuwa mace ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta tsaya masa a gaban mutane. "Yaron nan" take ce masa, ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba.

Mijinta Muttaƙa ya ji labari ya yanke magana. "Ki yi abin da za ki iya har a gama kaka. In bai kama komai ba, yayana Manzo zai tafi da shi ƙauyen Guci kiwo."

Kiwo ba abin kunya ba ne. Amma Zulai ta san in yaron ya bi awaki, shi da karatu sun rabu ke nan.

Da farko allo da alli ta ɗauko, kamar yadda aka yi mata a lakwal, wato makarantar boko. Tana rubuta harafi, shi yana kallon ƙadangare a jikin rumbu. Ta daka masa tsawa, ya yi kuka, ita ma ta shige ɗaki ta yi nata.

Wata safiya tana murza ƙuli-ƙuli, sai ya figi tunkuza ya zauna gefenta yana mulmulawa. Ta lura muddin hannunsa na aiki, kunnensa na wurinta. Duk abin da ta faɗa sai ya maimaita mata daidai. Ta murza tunkuzar ta lanƙwasa ta yi zobe.

"Ka san wannan? Shi ne o. Yi naka."

Ya yi. Ta jefa a mai ya soyu.

"In ka faɗi sunansa, ka cinye shi."

Daga nan madafa ta zama aji. Harafin da ke juye masa a allo, in ya murza shi da kansa ya shafa cikinsa da yatsa, sai ya tsaya. Ta zana manya a ƙasan tsakar gida yana taka su da ƙafa yana faɗa. Ba ta tsare shi da yawa, kafin mai ya yi zafi an gama, ta ce ya je ya zagayo rumbu da gudu ya dawo. Wata rana ya haɗa kalma, washegari ya manta ta. Ta koyi haɗiye fushi.

Kaka ta yi, aka ɗure wake da gyaɗa a buhuna, Muttaƙa ya rubuta sunan mai kowane buhu kafin motar kasuwa ta zo. Manzo ya iso bisa babur. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma, Inna Kaltume, uwar Muttaƙa, ta zauna gefe, aka kira yaro. Ya durƙusa gaban ubansa kamar yadda ladabi ya ce, kai a ƙasa, hannuwa a harɗe. Muttaƙa ya rubuta kalma a allo ya miƙa masa.

Yaron ya fara mutsu-mutsu.

"Natsu mana!" in ji Muttaƙa. "Bar motsin nan ka karanta."

Zulai na bayan zana, inda ya kamata uwar ɗan fari ta tsaya. Tana ganin yatsunsa suna neman abin riƙewa, an hana su. Manzo ya duba rana ya gyara hula. Ta yanki tunkuza ta fito.

"Munir, tashi tsaye."

Inna Kaltume ta riƙe baki. "Yau na ga abin da ya ishe ni! Sunan ɗan fari, gatsal, a gabana? Ƴan lakwal ba ku da ta ido."

"Inna, ki gafarce ni," in ji Zulai. "In na riƙe kunyar nan, ita za ta kai shi Guci. Malam, a durƙushe ba zai iya ba. Ka bar shi ya motsa."

Ta danƙa masa tunkuzar. Ya matsa ta a tafi, ya fara zagaya buhuna, ya tsaya a ɗaya ya bi rubutun da yatsa.

"Mu... ta... Muttaƙa. Na Baba ne." Ya wuce na gaba, ya daɗe, ya koma farko. "Kal... tu... me." Ya waiwayo. "Matata, ashe kina da wake buhu guda kike ba ni tuwo gaya?"

"Ja'iri! Mijin da ko zane bai taɓa saya min ba?" Tsohuwa ta kai masa dukan wasa tana share ido da gefen mayafi.

Muttaƙa ya sake miƙa allon. Munir ya karanta rabin kalmar, sauran ta gagare shi. Uban ya dubi allo, ya dubi Zulai.

"Da saura," ya ce.

"Da saura da yawa," ta amsa. "Amma yana tafiya."

Manzo ya miƙe yana dariya. "Wannan dama in na ba shi awakina, kafin azahar sun shiga gonar mutane. Ku riƙe kayanku."

Da motar kasuwa ta zo aka fara lodi, Muttaƙa ya dafa buhun gyaɗa guda ya ce wa masu ɗauka su bar shi. Ya ja shi da kansa har ƙofar madafa.

"Ga na lakwal ɗinku," ya ce, bai dube ta ba. "Na ga ɗalibin cinye darasin yake yi."