Ramin Tamar Rabo

"Sauke shi! Na ce ka sauke shi, Mahmuda!"

Gogo Sauda ta fito zaure da ludayi a hannu, amma Mahmuda ya riga ya ɗora mijinta kan jaki. Rabo ba nauyi, sai ka ce buhun ƙaiƙayi. Wata biyu ke nan yana kwance.

"Ƙyale shi, Sauda," in ji Rabo. "Ni na ce. Ɗakin nan ya ishe ni."

"In ka faɗi a hanya fa?"

"Ƙasa za ta tare ni. Mun saba da ita."

Kuskuren Mahmuda ne ya jawo wannan. Masu binciken ƙasa sun sauka Dutsin-ma da motarsu, suna neman inda ƙarfe ke kwance, aka ce duk inda suka samu nan za a kafa masana'anta, a ja hanya, a kawo lantarki. Mahmuda ɗan kasuwar hatsi ne, ya je Kano, ya ga yadda gari ke komawa in inji ya sauka cikinsa. Sai ya tsinci baƙaƙen duwatsu masu nauyi bayan gidan maƙwabcinsa Rabo, ya cika taiki ya kai. Akawunsu ya juya ɗaya ya kwashe da dariya. Ashe kashin tama ne, dattin da ke saura bayan an narka an cire ƙarfen. Ya ce in akwai ta gaske a kawo kafin azahar ɗin Laraba, don za su wuce ta hanyar Kurfi, ba kuwa dawowa za su yi ba.

Yau Laraba. Duk ƙasar nan kuma ba wanda ya san ramin tamar sai Rabo, shi ne na ƙarshen masu narka ta. Tun da maƙera suka koma sayen karyayyen sifirin mota bai sake hura wuta ba.

Suka fita daga gari da hantsi. Mahmuda na jan jaki, yana duban inuwarsa tana gajercewa.

"Baba, dama ko hagu?"

"Nemi itatuwan kirya uku a jere."

Babu kirya ko ɗaya. Gonakin gyaɗa ne fayau har inda ido ya tsaya.

"Kun share duniya saboda gyaɗa," in ji Rabo. "Kai ma da hannunka ciki."

"Ni saye nake, Baba, ba ni noma."

"Shi ya fi muni."

Suka yi gabas, suka dawo. Suka zaga wani fako sau biyu. Zufa ta jiƙe Mahmuda, ya fara tsawata wa jakin da bai yi laifin komai ba. Can Rabo ya ce a sauke shi gindin wani suri.

"Fasa. Gara ke yi mana haƙa, abin da ke ƙasa ita ke fito da shi. Zuba a ƙoƙo ka wanke."

Mahmuda ya wanke, ja-ja kawai. Suri na biyu ma haka. A na uku ya girgiza gora.

"Baba, saura na shanka."

"Zuba."

"Gogo za ta cinye ni ɗanye."

"Mahmuda, ka fito da ni rana don ka yi mini rowar ruwana?"

Ya zuba. Laka ta tafi, sai ga baƙin tsaki ya kwanta a gindin ƙoƙo yana ƙyalli. Rabo ya murza da yatsa, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido.

"Ita ce. Zurfin gaba biyu za a haƙa." Ya ja numfashi da ƙyar. "Wagga masana'anta, zugazugi nawa za su hura ta?"

"Inji ne, Baba. Ba mai zuga."

"Ashe ba za a yi waƙa ba." Ya ɗan murmusa. "Juya ni gabas."

Mahmuda ya juya shi. Ya ji kalmar shahada a hankali, ya taya shi, ya ƙarasa ta shi kaɗai.

Ya ƙulle tsakin a bakin riga. Inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Da zai ruga shi kaɗai, da ya cim ma motar a Dutsin-ma. Ya dubi sama, ungulu biyu na shawagi. Ya kwance rawaninsa ya lulluɓe Rabo, ya ɗora shi kan jaki, ya hau bayansa ya rungume shi da hannu biyu don kada ya zame.

Suna isowa bakin hanyar Kurfi ya ji ƙugin mota. Jakin ya tsaya da kansa. Ba a ɗaga murya a kan gawa, hannuwan kuma duka biyu suna riƙe da Rabo. Motar ta zo ta gabansu, akawun nan ya ga mutum biyu kan jaki, ya ɗaga musu hannu.

Mahmuda ya jira har ƙarar ta ɓace. Sannan ya taɓa jakin da diddige, suka tsallaka.