Saƙon da Ba Ya Isa Ƙafa

Nomau mai ɗori, kai ka kashe wa ɗana ƙafafu. Kada ka laƙa wa motar albasa. Ranar da ya faɗo daga saman lodi a tasha, da idona na ga yana motsa yatsun ƙafarsa, har yana ce wa masu ɗaukarsa su bi a hankali. Aka kawo maka shi, ka kifa shi a tabarma, ka sa ƙarti suka ja shi ta kai da ta ƙafa, ka hau bayansa da dunduniya. Tun daga wannan ƙarar da bayan ya yi, yatsun ba su sake motsi ba. A asibiti likita ta ce min ƙashin baya kamar bututu yake, a cikinsa akwai laka, ta nan saƙon ƙwaƙwalwa ke bi ya isa ƙafa. Ta ce in ya tsage ba a ja, ba a dannawa. Ban yi boko ba, amma na san hanya, na kuma san wanda ya taka ta.

To, daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni har wurin.

Na tsinci kaina da rana tsaka a bakin kunnen yaron. Na cire takalmi na shiga. Ciki gari ne guda, lungu kan lungu, a nannaɗe kamar hanjin rago a tasa. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya nufi sama. Zanina ya jiƙe sharkaf, ɗankwalina a bushe.

A ofishin farko wata akuya ce da tabarau, tana cin gefen teburinta.

"Iya, wa kike nema?"

"Mai ba ƙafa umarni."

"Ƙafar wa? Sunansa."

"Ɗan farina ne. Ba na kiran sunansa, ke ma kin sani."

"To, ta dama ko ta hagu?"

"Duka biyun."

"Mai kula da ta dama yana unguwar hagu. Mai kula da ta hagu yana unguwar dama."

"Wannan wane irin zama ne?"

"Haka muka tarar," in ji ta, ta koma kan teburinta.

Can saman gari na same su, bunsuraye biyu, kowanne a bakin katangar unguwarsa, muryarsu ta dishe. Na cafki gemun na kusa da ni.

"Ku ne kuka kwantar min da ɗa kuna zaune?"

"Sakar min gemu, Iya. Kullum da asuba sai ya ce zai tashi ya yi alwala, kullum sai mun aika. Ko ɗan aike ɗaya bai dawo ba. Bi hanyar ki gani."

Na gangara ta ƙeya. A nan masu gani suke zaune, sun juya wa idanu baya, amma komai suna gani. Ƙasa da su akwai wani ƙaramin gida, mata da tuluna a ka suna koyon tafiya ba tare da ɗigo ya zuba ba. Suka ce su ke hana shi tangaɗi in yana saman lodi, yanzu ba su da aiki, suna dai yi ne kada su manta. A daidai wuya wata tsohuwa na zuga zuga-zugi, gumi na zubo mata.

"Yaya, tsaya mu gaisa mana."

"In na tsaya numfashinsa ya tsaya."

Ta nuna min hanya da leɓe.

Hanyar fara ce, ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba, amma ta ɗauke ni. Ƙofofin ƙashi ne a jere, a kowace ƙofa reshe ya fita dama, reshe ya fita hagu. 'Yan aiken zabi ne, suna gudu, kowace da saƙonta a baki. Masu zuwa hannu suna wucewa abinsu. Sai da na wuce haƙarƙari na tarar da cunkoso, zabi a kan zabi har rufin hanya. Wata na cewa "tashi". Wata na cewa "miƙe". Wata ƙarama a ƙarƙashinsu tana ta maimaitawa, "riƙe fitsarin, akwai baƙi a ɗaki."

Na ture su na wuce gaba. Hanya ta rufta, ramin kuwa sawun dunduniya ne. Har fason ya fito. Na san fason nan, Nomau, don ranar shi na ƙura wa ido ina ce maka Allah ya saka da alheri.

A hayin ramin wasu zabin ne masu son hawowa, su ma sun maƙale, suna ihun cewa kwankwaso ya gaji da kwanciya, a juya shi. Bayansu ga ƙafafun ɗana zaune a gindin tsamiya suna dara. Ta hagu ta yi shuri.

"Ga shi nan," na ce. "Ranar da na zuba mata ruwan sanyi ma ta yi haka, har na yi guɗa, na raba waina."

Wani ɗan taure ya leƙo daga hayin. "Ni ne, Iya, mai unguwar nan ƙasa. Abin da ya taɓa ta nake mayar wa martani, ba na tambayar sama. Ki daina ɓarnar shinkafarki."

Na duba hagu, na duba dama. Tun da na haife shi bakina bai taɓa ɗaukar sunansa ba. Na cika ƙirji na ce, "Sallau, tashi."

Sunan ya tsallake ramin ya faɗi a tsakiyar darar. Ƙafafun suka juya shi, suka sunsuna.

"Ba mu san shi ba, Iya. Mu saƙo muke ji, shi kuma ta hanya yake zuwa."

Suka ci gaba da wasansu.

Sai ga ni a kotu. Alƙaliyar kuwa kazar nan ce da na kai maka ladan ɗori, tana zaune a cikin tukunyar gidanka, dafaffiya, da attarugu a ka. Kai kana gefe kana cin goro. Bayanka mutane ne a kife a tabarmi, layi har waje, suna jiran ka gama ka hau.

"Me za ka ce?" in ji kazar.

"Ƙaddara ce, ranki ya daɗe. Kuma gado ne, kakana ma haka yake yi."

"Ƙaddara ta faɗo da shi daga mota, wannan na karɓa," na ce. "Amma ƙaddara ba ta da faso."

"A kira ƙafafun su ba da shaida."

"Ba sa tafiya. Abin da ya kawo ni ke nan."

"To, an ɗage shari'a sai ranar da suka tako da kansu."

Na ɗauki muciya zan rafka maka, ruwan nan mai tashi sama ya ɗaga ka da goronka, kana yi min sai an jima. Ina tsalle ina kai duka, muciyar na ƙara kamar ƙarfe.

Ashe injin niƙan maƙwabta ne aka tayar. Gari ya waye. Na shiga ɗakinsa, ni da matarsa muka juya shi ɗaya gefen. Ina gyara masa matashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, ke kika kira sunana ɗazu?"

Na ce injin ne.

Yanzu saura kai, Nomau. Ni ba kazar tukunya zan kai wa ƙara ba. Na gaya wa mai unguwa, na gaya wa liman, ranar Juma'a bayan an sauko ina ƙofar gidan mai unguwa a zaune. Ban ce ka aiko ƙaninka da ban haƙuri ba. Ka zo ka faɗa a gaban jama'a abin da ka ji ya karye a ƙarƙashin dunduniyarka, da kuma bayan wa ka sake hawa tun daga ranar. Ka tako da ƙafafunka, tun da kai naka suna jin saƙo.