Koren Taswira a Zauren Baffa

Ban taɓa zaton aikin hannuna zai ba ni ƙyama ba sai da na gan shi cikin gilashi a zauren Baffa Labaran, yayan mahaifina.

Aikin da nake yi na digiri na biyu shi ne zana taswirar wuraren da ƙasa ke iya zaftarewa a cikin birnin Zariya, musamman gaɓar kududdufai da gindin ganuwa. Abin ba wuya a faɗa. Za ki bi unguwa ki tambayi inda ƙasa ta taɓa zubewa da inda ba ta taɓa ba, ki ɗauki wurin da wayarki, ya zama ɗigo a taswira. Kwamfuta sai ta auna ɗigogin da gangaren wurin da irin ƙasarsa da kusancinsa da ruwa, ta yi lissafi, ta shafa ja inda ake tsoro, kore inda babu komai. Abin da ba ta iyawa shi ne gane maƙaryaci.

A wajen Ƙofar Kuyambana, manyan gidaje ne jere a bakin kududdufin, namu na gado, inda Baffa yake, shi ne na tsakiya. Duk gidan da na shiga amsa ɗaya ce: tun kakanni ko ɓurɓushi bai taɓa faɗuwa ba. Baffa har da ɓata rai.

"Su'ad, gidan naku kike yi wa wannan tambaya? Mu aka ce miki ba ma yaɓe?"

Na ba shi haƙuri. Gaɓar nan kuwa ta fito kore shar. Ya sa aka buga masa taswirar babba, ya rataya ta inda duk mai sallama zai gani.

Da damina ta kankama na shiga gaida Gwaggo Jummai, ƙanwarsa, wadda ɗakinta ne na ƙarshe, bayansa kududdufin. Ƙofar ta ƙi rufuwa, sai da na sa kafaɗa. A bango ga wani sabon yaɓe ya yi layi daga sama har ƙasa, ya sake darewa.

"Gwaggo, yaushe bangon nan ya tsage?"

"Ai tun shekarar da makewayi ya tafi cikin ruwa," ta ce, tana gyaran zogalenta. "Baffanki ya sa aka kafa zana, magina suka tayar da wani ba wanda ya ji. Gidan maƙwabcinmu Alhaji Jibril ma kicin ɗinsu ne ya tafi. Ba a dai faɗa."

Ashe layin nan kaf kowa ya san na maƙwabcinsa, kowa kuma ya haɗiye, don kada a ce gidan su wane ya zube. Ni kuma na kwashi ƙaryar na kai wa kwamfuta, ta mayar mini da ita da launi mai kyau.

Na bi ta wajen matan gidajen, a hankali, na samo wuraren na gaskiya. Da na sake lissafin, ɗakin Gwaggo ya fito ja wur. Na kawo wa Baffa sabuwar taswirar a zaure, na durƙusa, na roƙe shi a dawo da Gwaggo ɗakin tsakar gida kafin ruwan Agusta.

Bai ko karɓa ba. Ya ɗaga haɓa ya nuna bango.

"Waccan wa ya yi ta?"

"Ni ce, Baffa, amma da bayanin da ba daidai ba."

"To ni da ita na yarda. A fitar da tsohuwa da kayanta tsakiyar damina, mutane su ce me ya faru? Kina so a yi da mu a gari?"

Na koma wajen Gwaggo na ce ta biyo ni gidan da nake zaune ko na mako biyu ne. Ta yi dariya ta ce in Yaya bai ce ba, ita wace ce. Na fito ina huci, na wuce koren nan a zaure kamar in tofa masa yawu.

Ranar da abin ya faru an wuni ana ruwa. Bayan azahar aka kira ni. Na tarar rabin ɗakin ya bi gaɓar ya zauna cikin kududdufi, gadonta ƙafa biyu a sama. Matan gida sun jawo ta daga ƙarƙashin azara, ƙafarta ta hagu ta juye, tana kwance a tabarma tana salati. Ba wanda ya nemo abin hawa.

Baffa fa? Yana can baya, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana nuna wa mutum biyu inda za su kafa zana don kada na ƙetaren ruwa su hango. Ya ganni ya matso, ya rage murya.

"In an tambaye ki, santsi ne ya kwashe ta. Kuma kar ki kuskura ki sa wannan a na'urarki."

Na taka har bakin inda ƙasar ta yanke, na ciro waya a gabansa, na danna, wurin ya zama ɗigo. Sannan na fita da gudu na tsayar da a-daidaita-sahu.

Muna fitowa da ita, matar Alhaji Jibril ta leƙo daga ƙofarsu.

"Subhanallahi! Jummai, me ya same ki?"

Na buɗe baki zan faɗa. Gwaggo ta matse mini hannu. Jar ƙasar ɗakinta na nan cikin gashinta, har cikin kunne.

"Santsi ne, Hajiya," ta ce. "Tsufa."

"Ayya, sannu. Santsin bana ba kyau," in ji matar, idonta na kan zanar da aka fara kafawa a gaɓar.