Ƙafafun Ɗanmaliki

A daminar da Ɗanmaliki ya yi rigimar iyaka da ɗan baffansa Tambaya, a ita ce ƙafafunsa suka lalace. Fadamar shinkafa ce a bayan Kebbe, gadon kakansu, aka raba musu ita biyu, kowa yana ganin an ci masa gefe.

Da ƙaiƙayi abin ya fara. Sai ƙananan ƙuraje suka feso daga tafin sawu har ƙasan gwiwa, suna fashewa suna fitar da ruwa. Matarsa Saudatu ta duba, ta ce:

"Malam, randa na kai maka fura na hangi Tambaya duƙe bakin iyaka shina tono. Da ya gane ni sai ya miƙe."

"Mi ya binne?"

"Ina na sani? Ni dai ban ga iri hannunshi ba."

Ɗanmaliki ya zauna a gida, ƙafafun suka bushe, har ɓawo ya zube. Ya zura dogon takalminsa na roba ya koma fadama. Ran farko lafiya lau. Kashegari da yamma wuta ta sake kamawa, fiye da da. Daga nan bai nemi wata shaida ba. Ya daina amsa gaisuwar Tambaya, ya hana iyalinsa karɓar ko da ruwan sha daga gidansa. Ya sha rubutu, ya yi hayaƙi. Duk komawa gona sai abin ya dawo.

Da ƙaiƙayin ya gagari haƙuri, ya hau ɗan acaɓa ya nufi asibiti a Tambuwal. Likitan, wani mai suna Aminullahi, ya sa shi ya naɗe wando.

"Baba, dubi inda ƙurajen suka tsaya. Duka ƙafafun wuri ɗaya, kamar an ja layi. Me kake sawa in za ka gona?"

"Takalmin roba. Amma damina ukku nika sa shi, bai taɓa yi min komi ba."

"Haka wannan ciwon yake. Akwai sinadarin da ake haɗa roba da shi, gumi na jiƙo shi ya ratsa fata. A cikin fatar akwai ƙwayoyi masu gadin jiki. Da can suna barin shi ya wuce, sai wata rana suka ɗauke shi abokin gaba, kuma ba sa mantuwa. Yanzu da ya taɓa ka, sai su kira 'yan uwansu daga cikin jini su taru a wurin. Kafin su hallara an kwana ɗaya ko biyu. Faɗan da suke yi ne ke cin fatarka."

Ɗanmaliki ya ƙura masa ido. Ya tuna Tambaya yana da suruki ma'aikacin asibiti a garin nan.

"Likita, wani ya riga ni zuwa nan kan maganata?"

"Ba kowa. Kawo takalmin mu gwada, ka gani da idonka."

Da ya kawo, bai yarda kowa ya taɓa shi ba. Da wuƙarsa ya yanko ɗan guntu daga ciki, likitan ya manna masa a gadon baya da filasta, ya manna wata filastar wadda ba komai a ƙarƙashinta. Ranar da aka ɓamɓare, wurin robar ya tashi ya yi ƙuraje daidai girmanta, ɗayan wurin kuwa sumul. Aka ɗauki hoto a waya aka nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Bayansa dai bai taɓa taka fadama ba.

Aka ba shi man shafawa, aka ce shi da irin wannan takalmin har abada. Kafin yankan shinkafa ƙafafun sun warke.

Saudatu ba ta sauka daga nata ba. "To wa ya ce ba takalmin anka yi ma aiki ba? Rumbu yaka kwana, rumbun ko ba kuba."

Ranar Juma'a, bayan an sallame, Ɗanmaliki ya ratsa sahu ya miƙa wa Tambaya hannu. Tambaya ya dubi hannun, ya dubi fuskarsa, ya taɓa da kan yatsu ya janye. A hanyar gida Tambaya ya ce wa maƙwabcinsa Ladan, "Mutumen da ya yi wata da watanni bai amsa min sallama ba, yau shi ka ba ni hannu? Sa min ido, akwai abin da yaka shiryawa kan gonag ga."