Madubi a Kan Bindiga

Oliver, mai shagon gyaran bindiga a Lafia, ya ɗaure noti na ƙarshe, ya goge hannu da tsumma, sannan ya miƙa wa Malam Baballe bindigar da hannu biyu.

"Baba, gwada. Babu harsashi a ciki."

Malam Baballe ya yi bisimilla ya karɓa. Duk da abin da Oliver ya faɗa, sai da ya buɗe ta ya leƙa da kansa, domin haka ya saba tun yana saurayi. Bindigarsa ce ta farauta, mai lasisi, wadda kafaɗarsa ta san nauyinta kamar yadda ta san nauyin rigarsa. Yau kuwa ta ƙara nauyi, saboda madubin hange da aka ɗora a bayanta. Ɗansa Ameer ne ya aiko da shi daga Abuja, bayan da ya ji cewa ganin tsohon na nesa ya ragu.

A kan benci, kusa da ƙofar shagon, Aondoaver yana zaune da buhu a tsakanin ƙafafunsa. Manomi ne daga Adogi, kuma sun daɗe tare da Malam. A cikin buhun akwai doya guda, babba, wadda aka yage rabinta da haure. Tun safe yake nuna wa duk wanda ya tsaya.

"Dubi aikin gadu," ya ce wa Oliver a karo na biyu. "Kullum yamma yana zuwa da yunwa kamar mai biki. Idan ya ƙara sati, ni da matata Ngodoo sai mu ci ganye."

"Ai in Baba ya harbe shi, kai ne da riba biyu," in ji Oliver. "Doya ya tsira, nama ya shiga tukunya."

"Malam ba ya ci, ba ya taɓawa. Ko jininsa ba ya so ya gani a takalmi."

"Ni ɓarna nake kawarwa," Malam Baballe ya ce a hankali. "Abin da ya biyo baya tsakaninka da tukunyarka ne."

A kan teburin aiki akwai wani mariƙi na biyu, wato ƙarfen da ke riƙe madubi a bayan bindiga. Wanda Oliver ya ɗaura na noti ne: in ya zauna, ya zauna ke nan, sai da sukurudireba. Na kan teburin kuwa yana da ƴan kunnuwa biyu a gefe, waɗanda ake ɗagawa da yatsa a zare madubin nan take, a mayar da shi a danne. Oliver ya riga ya ba da shawararsa. Na noti ya fi riƙe saiti, shi ya sa ya ɗaura shi ba tare da ya jira amsa ba.

"Ka ga ginin can da ba a gama ba, bayan titi?" Oliver ya nuna da haɓa. "Akwai farin fenti a bango. Nemo shi."

Malam Baballe ya ɗaga bindigar, ya kafa ta a kafaɗa, ya kai ido. Da farko duhu ya gani, sannan wani zagayen haske, da siraran layuka biyu da suka gitta juna a tsakiya. Ya ja bakin bindigar kaɗan yana neman bangon. Maimakon bango, sai fuska ta cika madubin.

Wata mata ce mai gasa masara a bakin titi. Ya ga zufa a goshinta, ya ga ɗan kunnenta guda ya karkace, ya ga hannun jariri ya leƙo ta kafaɗarta yana jan ɗankwalinta. Shekaru ke nan bai ga fuskar mutum daga nesa haka tangaran ba. Layukan nan biyu kuma sun haɗu daidai tsakanin girarta. Tana fifita garwashi, ba ta san komai ba.

Ya sauke bindigar, ya mai da bakinta ƙasa. Leɓɓansa suna motsi da istigfari.

"Bai fito da kyau ba?" Oliver ya tambaya.

"Ya fito."

"To, shi ke nan."

"Cire wannan, ka sa mini wancan mai kunnuwa."

Oliver ya dubi Aondoaver, ya sake duban tsohon. "Baba, na gaya maka. Wancan na masu tafiya ne, masu sa madubi a jaka. Duk lokacin da ka cire ka mayar, saiti yana iya gocewa kaɗan. Ga shi kai gadu kake nema, ba saniya ba."

"Na ji. Amma ka gaya mini, idan ciyawa ta motsa a nesa, ina son in san abin da ke cikinta, yaya zan yi?"

"Sai ka duba ta madubi mana. Amfaninsa ke nan."

"Madubin yana kan bindiga."

"E."

"Ashe duk abin da zan duba, sai na fara nuna shi da bakin bindiga."

Oliver ya yi ƴar dariya. "Haka kowa yake yi. Yatsa dai kada ya taɓa kunama."

"Kafin mahaifina ya bar ni in riƙe ko baka, sai da ya kai ni gaban malaminsa," in ji Malam Baballe. "Abu ɗaya malamin ya yi ta nanata mini, cewa an hane mu nuna ɗan Adam da makami, ko da wasa, ko ɗan'uwa ne na jini, domin mutum ba ya da tabbacin hannunsa. A da idona yana rarrabe mutum da dabba kafin in ɗaga bindiga. Yanzu ba ya yi. Idan na bar madubin nan a ɗaure, kullum zan riƙa auna bayin Allah domin in gane su."

"Akwai madubin hannu mai ido biyu," Oliver ya ce. "Amma babu a nan. Sai ka sa Ameer ya aiko."

"Zan gaya masa. Kafin ya iso fa?"

Aondoaver ya ɗaga doyar daga buhu. "Kafin ya iso, wannan ne. Malam, gona nawa ne, na san shi. Ba mutum a wajen da yamma. Ka bar abu yadda yaro ya ɗaura."

"Ba hanyar rafi ce ta bi ta gefen gonarka ba?"

"Ya bi. Amma mata suna zuwa da safe."

"Dukansu?"

Aondoaver ya mayar da doyar cikin buhu, ya ɗaure bakinsa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Oliver ya ɗauki sukurudireba ya fara kwance abin da ya ɗaura.

Bayan Malam ya yi sallar azahar a masallacin masu walda, su uku suka hau mashin biyu suka kama hanyar Adogi, bindigar tana cikin kubenta. A wani tsohon rami da ake haƙar jar ƙasa suka tsaya, Oliver ya jingina kwali a jikin gangaren, ya daidaita saitin har harsashi ya faɗa tsakiya. Sannan Malam ya ɗaga kunnuwan, ya zare madubin, ya mayar, ya sake harbi. Hujin harsashin ya fito gefe, tazarar yatsu kaɗan.

"Ka gani," in ji Oliver. "A kusa ba komai. A nesa, Allah ya kiyaye."

"Amin," in ji Malam Baballe. Ya gode masa, Oliver ya juya Lafia.

Gonar Aondoaver tana kan gangare, kunyoyin doya a jere har zuwa inda gamba ta yi tsayi ta rufe hanyar rafi. Daga gefen gabas an tone kunyoyi da yawa, ganyen ya kwanta ya yi yaushi, gutsattsarin doya a warwatse ƙudaje na bi. Malam ya tsaya ya dube su. Aikin shekara guda ne na mutum da matarsa, kuma ya san ba su da wata gonar.

Ya yi la'asar a gindin ɗorawa, sannan suka zauna bayan wani suri, iska tana busowa daga wajen rafi zuwa gare su. Bindigar tana kan cinyarsa, bakinta a ƙasa. Rana ta karkata, inuwar ɗorawar ta miƙe har ta taɓa kunyoyin farko.

Can sai gambar ta motsa. Wani abu mai duhu, gajere, ya tsaya a bakin ciyawar. A idon Malam bai wuce tabo ba.

"Shi ne," Aondoaver ya raɗa. "Malam, shi ne. Harba."

"Ka ga kansa?"

"Na ga bayansa. Ɗaga mana."

Mai sunkuyo yana tsintar itace ma bayansa ake gani. Malam Baballe ya sa babban yatsa ya ɗaga kunne na farko, ya ɗaga na biyu, ya zare madubin ya kai ido. Ya nemi wurin, ya same shi. Gadu ne, ƙato, haurensa guda a karye, jar ƙasa a hancinsa. Yana tsaye sarai, ya ba da gefe.

Ya mayar da madubin kan bindiga. Amma kunne na biyu ya danne da ƴar ƙara, ƙaras. Gadun ya ɗaga kai, ya miƙe wutsiya sama, ya juya. Lokacin da bindigar ta kai kafaɗa, babu abin da ya rage a madubin sai ciyawa tana kaɗawa. Malam bai harba cikin ciyawar ba. Ya sauke, ya cire harsashin ya sa a aljihu.

Aondoaver ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya buga a cinya.

"Yana tsaye. Yana tsaye kamar an ɗaure shi. Yaro ma zai same shi."

"Haka ne."

"Na ce maka shi ne."

"Ka faɗa, kuma gaskiyarka ce."

"To, yau da dare zai dawo ya ci na gefen yamma. Me zan gaya wa Ngodoo? In ce Malam ya tsaya yana gaisawa da gadu?"

Malam Baballe ya san abin da aka rasa, kuma ba nasa ba ne. Ya sake ɗaga kunnuwan, ya zare madubin domin ya sa a jaka. Aondoaver ya miƙo hannu a fusace.

"Kawo in ga abin da ya cinye mini doya."

Ya karɓa, ya juya shi baibai, ya gyara, ya kafa a ido. Ya bi kunyoyin da aka tone yana tsaki, ya bi bakin gambar, ya hau hanyar rafi. Can nesa, wajen da hanyar ta ɓullo daga ciyawa, sai ya tsaya.

Malam ya dubi wajen, bai ga komai ba sai wani ɗigo mai launin shuɗi yana tafe.

"Wane ne?"

"Wandoo," in ji Aondoaver. Ƴarsa ce ta fari. "Ta ɗebo ruwa."

Ba ta kusa da inda gadun ya tsaya, kuma dukansu sun san haka. Amma Aondoaver bai sauke madubin da wuri ba, kuma da ya sauke, ya riƙe shi nesa da jikinsa, bakinsa a ƙasa, kamar abin da ke iya tashi.

"Wannan layi biyu da ke ciki," ya ce, muryarsa ta sauka, "ba a goge shi?"

"Ba a gogewa. Da shi ake aunawa."

"A kan wuyanta ya zauna."

Ɗigon shuɗin ya matso har ya zama yarinya da bokiti a kai. Ta hango su, ta ɗaga hannu, ta yi kwana zuwa gida.

Aondoaver ya goge gilashin da gefen rigarsa, a hankali, sannan ya zura madubin a aljihun gabansa maimakon ya mayar wa mai shi.

"Gobe ni zan riƙe shi," ya ce. "Tun yana cikin ciyawa zan gane shi, in miƙa maka da wuri. Kai kuma ka sa wa wannan kunne mai, ya daina ƙara."

"In Allah ya kai mu."

Suka bi gefen gonar suna hawa gangaren. A kunya ta ƙarshe Aondoaver ya sunkuya, ya ɗauki wani ɓarin doya da gadun ya bari, ya kakkaɓe ƙasar, ya jefa a buhu.